Siglufjörður, Kiruna ko Kautokeino: da wane labarin binciken kisa na ƙasashen ƙanƙara za ka fara?

Duk wanda ya shiga neman littattafan binciken kisan kai na arewacin Turai zai tarar kusan bangonsu ɗaya ne: farar ƙanƙara, gida ja shi kaɗai a gindin dutse, da wani mutum ya ba da baya cikin rigar sanyi. Bangon ba zai gaya maka wanne ne za ka cinye a dare biyu ba, wanne ne kuma za ka ajiye a shafi na hamsin kana jin haushin kuɗinka. Tunda littattafan nan daga waje ake kawo su, da fam ko yuro ake saye, kuskure ɗaya yana da tsada.

Na cire manyan sunayen da aka fi ji daga wannan awon. Littattafai goma na Martin Beck da Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka rubuta tsakanin 1965 da 1975, su ne tushen wannan salon, amma labarin birnin Stockholm ne. Wallander na Henning Mankell yana Ystad, can ƙarshen kudancin Suwidin. Harry Hole na Jo Nesbø ɗan Oslo ne. Abin da ke gabanmu shi ne labarin da ɗan sanda yake aiki a wurin da hanya ɗaya ce ke shiga, agaji yana nesa, rana kuma tana iya ɓacewa makonni. A nan zaɓi ya rage biyar: jerin littattafai huɗu, da shirin talabijin ɗaya ga wanda karatu ba ya gabansa.

Abin da na auna su da shi

Na farko kuɗi. Ƙaramin bugu mai laushin bango a Ingila yawanci tsakanin fam 9 ne zuwa 11, ƙaramin bugun aljihu na Faransa kuma wajen yuro 8 zuwa 10, kafin a ɗora kuɗin kawowa. Da yake farashin littafi ɗaya bai bambanta sosai ba, abin dubawa shi ne littafi nawa za ka saya kafin ka ji ka kai ƙarshen labarin.

Na biyu ƙarko. Akwai littafin da in ka san wanda ya yi kisan, shi ke nan ya mutu a hannunka. Akwai wanda za ka sake ɗauka bayan shekara biyu ka tarar da abin da ka tsallake.

Na uku sauƙi: nauyin harshen fassara, yawan sunaye masu wuyar riƙewa, da ko dole ne a bi su a jere. Turanci ko Faransanci za ka karanta, don haka wannan ya shafi wanda ke Kano daban da wanda ke Maraɗi ko Garwa.

Na huɗu haɗari, wato abin da zai iya ɓata maka rai: zubar jini da aka bayyana filla-filla, fyaɗe, cin zarafin yara, ko sayen littafi ɗaya sau biyu saboda an canja masa suna.

Akwai ma'auni na biyar da na fi ba nauyi duk da ba ya shiga lissafin kuɗi. Shin sanyin da nisan suna aiki a cikin binciken, ko ado ne kawai? In za a iya ɗauke labarin a dasa shi a kowane birni ba tare da an rasa komai ba, to ƙanƙarar ta banza ce.

Ragnar Jónasson: Ari Thór a Siglufjörður

Siglufjörður gari ne a can arewacin Aisilan, duwatsu sun kewaye shi ta gefe uku, teku ta gefe ɗaya. A zamanin da kamun kifin herin ke tashe mutanensa sun haura 3,000. Da kifin ya ƙare a ƙarshen shekarun 1960 sai garin ya tsuke, yanzu wajen mutum 1,200 ne. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu duwatsun suna tare rana, ba a ganinta a cikin gari. Kafin a buɗe sabbin ramukan mota a 2010, hanyar shiga ɗaya ce ta wani ramin da aka huda cikin dutse a 1967, mai faɗin mota ɗaya tak.

Nan Ragnar ya kai Ari Thór Arason, matashin da ya bar karatun tauhidi ya shiga aikin ɗan sanda, ya bar budurwarsa a Reykjavík saboda aiki ya yi wuyar samu bayan rushewar bankunan ƙasar a 2008. Shugabansa ya tarbe shi da cewa a garin nan ba abin da ke faruwa, ko ƙofa ba a kullewa. Sai ga wani tsohon marubuci ya faɗo daga bene ya mutu a gidan wasan kwaikwayo, ga wata mata an tsince ta kwance cikin ƙanƙara jina-jina, sannan ƙanƙara ta zaftaro ta rufe hanya. Wannan shi ne Snowblind, wanda ya fito a 2010, fassarar Turanci kuma a 2015.

Marubucin lauya ne, kuma tun yana ɗan shekara 17 ya fara fassara littattafan Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar labaran binciken kisa ta Ingila, zuwa harshensu, har ya kai littafi 14. Hannunta yana nan a aikinsa: mutane kaɗan, wuri a rufe, kowa da abin da yake ɓoyewa, a ƙarshe a warware. Babi gajeru ne, Turancin ba ya buƙatar ƙamus, littafin wajen shafi 300. Jini kaɗan ne, batsa ma haka. Wannan ne kaɗai a cikin biyar ɗin da zan iya miƙa wa ɗalibin sakandare ba tare da na yi dogon tunani ba.

Rauninsa ƙarko. Da ka san amsar, ba ka da dalilin komawa. Ari Thór kansa, da kishinsa da rikicin soyayyarsa, yakan gundiri mutum zuwa littafi na uku. Ga kuma tarkon jeri. Littattafan shida ne a Turanci, amma masu bugawa sun fitar da Nightblind a matsayin na biyu alhali a tafiyar labarin shi ne na biyar, don haka wanda ya bi jerin bugawa zai san abin da ya faru da mutanen kafin lokaci. Jerin da ya dace: Snowblind, Blackout, Rupture, Whiteout, Nightblind, Winterkill. A Faransanci na farkon Snjór ne.

Arnaldur Indriðason: Erlendur

A nan sai na yi wa ƙa'idata ɗan sassauci, domin Erlendur a Reykjavík yake aiki, ba a ƙauye ba. Na bar shi a ciki saboda babu wanda ƙanƙara ta yi wa illa a cikin duk 'yan sandan nan kamarsa. Yana yaro a gabashin ƙasar, guguwar ƙanƙara ta rutsa da shi da ƙanensa a kan tudu, hannun ƙanen ya suɓuce daga nasa. Shi an tono shi da rai, ƙanen ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga nan ya zama mutumin da ba ya iya barin batun wanda ya ɓata. In ya koma gida da dare, abin da yake karantawa shi ne tsofaffin labaran mutanen da suka ɓace a duwatsu.

Wannan ya dace da gaskiyar ƙasar. Mutanen Aisilan duka ba su kai 400,000 ba, an yi shekaru da yawa da kisan kai na shekara guda bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, 'yan sandan sintiri ma ba sa yawo da bindiga a jiki. Marubucin da ya cika littafinsa da harbe-harbe a irin wannan ƙasa ƙarya yake yi, kuma 'yan ƙasar za su gane. Arnaldur sai ya koma ga tsofaffin laifuffukan da aka binne, da dangin da suka yi shiru shekara hamsin.

Dubi yadda Silence of the Grave ya buɗe. Ana bikin zagayowar haihuwar wani yaro a sabuwar unguwa a gefen birni. Wani ɗalibin likitanci da ya zo ɗaukar ƙanensa yana zaune yana jira, sai idonsa ya kai kan wata jaririya a ƙasa tana gwaguyar wani farin abu. Ya karɓa ya duba, ashe guntun haƙarƙarin mutum ne. Daga nan masu tonon kayan tarihi suka shiga tone ƙashin a hankali, kwana da kwanaki, Erlendur kuma yana bin tsofaffi gida-gida yana tambayar wa ya zauna a wannan tudun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba gudu, ba bin mota. Littafin ya ci lambar Gold Dagger ta marubutan laifi na Birtaniya a 2005, shi da Jar City kuma sun ci lambar Glass Key ta ƙasashen yankin a jere, Jar City a 2002, shi a 2003.

Ta fuskar ƙarko babu na biyunsa a nan. Sau da yawa za ka hango mai laifin tun tsakiya, amma ba ka ajiyewa, domin abin da ke riƙe ka shi ne yadda aka kai ga abin. Harshen a miƙe yake, jimloli gajeru. Sunaye ne za su ɗan ba ka wahala a farko: mutanen Aisilan da sunan yanka ake kiran kowa, ko minista ne, sunan uba kawai ake liƙa wa "son" ko "dóttir". Da ka riƙe Erlendur, Elínborg da Sigurður Óli, sauran za su biyo.

Kuɗi kam za su fita, don littattafan Erlendur sun haura goma. Sai dai ba dole ba ne a sayi duka. Jar City, Silence of the Grave, Hypothermia da Strange Shores sun isa su kai ka daga farko zuwa inda ya koma gabas neman ƙanensa. Kada ka fara da na ƙarshen, ba zai yi maka ma'ana ba.

Haɗarin a zuciya yake. Dukan da miji ke yi wa matarsa a Silence of the Grave, a gaban 'ya'yansu, shekara da shekaru, an rubuta shi yadda mai karatu zai ji shi a jikinsa. Wadda ta taɓa ganin irin wannan a gidansu ta san da haka kafin ta buɗe. Jar City yana kan fyaɗe ne da cutar gado, 'yar Erlendur kuma 'yar ƙwaya ce. A kula kuma: an taɓa buga Jar City da sunan Tainted Blood, littafi ɗaya ne. Masu Faransanci su nemi La Cité des jarres da La Femme en vert.

Åsa Larsson: Rebecka Martinsson a Kiruna

Kiruna na Suwidin yana wajen kilomita 145 arewa da layin Aktik, iyakar yankin ƙurewar arewacin duniya inda rana kan ƙi fitowa a hunturu. Garin haƙar tama ne, kamfanin gwamnati LKAB ya yi ta haƙa har ƙasar da ke ƙarƙashin gidaje ta fara tsagewa, yanzu ana kwashe tsakiyar garin zuwa kilomita 3 gabas. A watan Agustan 2025 aka ɗora tsohon cocin katako na garin kan tayoyi aka ja shi zuwa sabon mazauni cikin kwana biyu. Åsa Larsson a nan ta tashi, ta yi aikin lauyar haraji, sannan ta ƙirƙiri Rebecka, lauyar haraji a Stockholm da kiran waya ya dawo da ita garin da ta gudu ta bari.

Abin da ya bambanta wannan jerin shi ne yadda aikin yake tafiya. A Suwidin, da zarar an sami wanda ake zargi da babban laifi, mai gabatar da ƙara ne ke jan ragamar binciken, 'yan sanda suna aiki ƙarƙashinsa. Rebecka daga baya ta zama mai gabatar da ƙara a Kiruna, ga Anna-Maria Mella, sufeto mai 'ya'ya da tulin wanki a gida, wadda a littafin farko cikinta ya tsufa, ga abokin aikinta Sven-Erik. Za ka ga takun-saƙar ofis, da shugaban da ya fi son kyamarar 'yan jarida a kan gaskiya.

A nan sanyi makami ne a zahiri. Until Thy Wrath Be Past ya fara da saurayi da budurwa da suka fasa rami a kan daskararren tafki suka nutsa neman wani jirgin saman Jamus da ya faɗi lokacin yaƙi. Suna ƙasa, wani ya zo ya yanke igiyar da za ta nuna musu hanya, ya ɗora ƙyauren ƙofa a bakin ramin ya tsaya a kai. Yarinyar da ta mutu ita ce ke ba da wani sashe na labarin. Wanda ba ya son a sa matattu magana a littafin bincike zai ɗaga gira. Ni dai ina ganin shi ne mafi kyawun littafi a cikin duk waɗanda na lissafa a nan.

Jerin a rufe yake, littafi shida daga Solstorm na 2003 zuwa na ƙarshe a 2021, uku daga ciki sun ci lambar littafin laifi mafi kyau na shekara a Suwidin, a 2004, 2012 da 2021. Ka san iyakar abin da za ka kashe. Amma dole a bi su a jere, saboda abin da ya sami Rebecka a ƙarshen na farko da na biyu shi ne ke tafiyar da ita a sauran. Harshen ya fi na mutanen Aisilan biyun nan nauyi, ana yawan tsalle daga kan wannan zuwa tunanin wancan, daga yau zuwa shekara sittin baya.

Haɗarinsa shi ne mafi girma. Littafin farko ya buɗe da gawar wani matashin mai wa'azi a cikin coci, an sare hannuwa, an ƙwaƙule idanu. Malaman coci masu cin dukiyar mabiya da danne mata suna ko'ina a littattafai biyun farko. Marubuciyar ta fito daga yankin da tsattsauran tafarkin Kirista na Laestadius ya yi ƙarfi, kuma ba ta sassauta musu ba. Ana kuma kashe karnuka. Littafin farkon kuma suna biyu gare shi a Turanci, Sun Storm a Amurka, The Savage Altar a Ingila.

Olivier Truc: 'yan sandan makiyaya a Kautokeino

Wannan Bafaranshe ne, ɗan jarida da ya daɗe yana aika wa jaridar Le Monde rahoto daga Stockholm. Masu tsauri za su ce ba ɗan gida ba ne. Amma shi ne ya ɗauki abin da ya fi kowanne zama na can: rundunar da Norwe ta kafa a 1949 don sasanta rikicin kiwon barewar arewa, dabbar da 'yan ƙabilar Sami ke kiwo garke-garke. 'Yan sandan nan bibbiyu suke fita a kan babur ɗin ƙanƙara, su yi kwanaki a daji suna kwana a bukkoki, aikinsu satar dabba, cakuɗewar garke, da faɗan makiyaya.

Le Dernier Lapon, na 2012, ya fara ne a garin Kautokeino da ke arewacin Norwe, a Janairu, daidai lokacin da rana za ta sake leƙowa bayan kwana 40 mutum bai ga inuwarsa ba. Daga nan sunan Turancin ya fito, Forty Days Without Shadow. An sace wata tsohuwar gangar bokayen Sami daga gidan tarihi. Gangunan nan 'yan mishan sun ƙone mafi yawansu ƙarnuka da suka wuce, waɗanda suka tsira wajen 70 ne, galibi a gidajen tarihi na waje. Kwana kaɗan sai aka tsinci gawar wani makiyayi an yanke masa kunnuwa biyu. A wurin Sami kowane mai garke yana da tsagar da yake yi a kunnen dabbarsa, ɓarawo kuwa kunnen yake fara yankewa ya jefar don a rasa shaida. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga yadda ake gane saniyar sata ta shaidar jikinta ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da yanke kunnen mutum ke nufi a nan. Haka ma ba a tambayar makiyayin Sami yawan garkensa, rashin kunya ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da bincike.

Klemet Nango, Basami da ya tashi an raba shi da harshensa a makarantar kwana, da Nina Nansen, sabuwar 'yar sanda daga kudu, su ke bin sawun. A ma'aunina na biyar wannan ne kan gaba: awannin hasken rana ƙidayayyu ne, kowane babi yana faɗa maka minti nawa za a samu, kuma sawun da ba a bi yau ba iska ta share shi gobe.

Sai dai ɗan jaridan bai bar marubucin ya sarara ba. Littafin ya haura shafi 400, akwai wuraren da labari ke tsayawa cik a yi maka darasin duwatsu da ma'adinai ko tarihin tawayen Kautokeino na 1852. Mugayen ciki ma mugaye ne tun daga goshi, ba sai an bincika ba. Ɗaya daga cikinsu mai lalata da ƙananan 'yan mata ne, kuma an nuna hakan. Ga mai Faransanci wannan ne mafi araha da sauƙi, domin asalin rubutun yake karantawa, kuma ci gaban yana nan: Le Détroit du Loup na 2014, La Montagne rouge na 2016, Les Chiens de Pasvik na 2021. Mai Turanci ya ɗauka littafi ɗaya zai saya, labarin kuma ya kammala a cikinsa.

In batun makiyayan ne ya ja ka, akwai Stöld na Ann-Helén Laestadius, wadda ita kanta Basamiya ce, na 2021, Stolen a Turanci, Netflix kuma ta yi fim ɗinsa a 2024. Shi daga ɓangaren masu kai ƙara yake: ana karkashe musu dabbobi, 'yan sanda suna rubuta shi a matsayin sata kawai su rufe fayil.

Trapped: ga wanda ya fi son kallo

Shirin Aisilan ne da Baltasar Kormákur ya ƙirƙira, aka fara nunawa a ƙarshen 2015, yawancinsa a Siglufjörður ɗin nan aka ɗauka. Jirgin ruwan fasinja ya iso daga Danmak, a daidai lokacin masunta suka tsamo gangar jikin mutum ba kai ba ƙafafu, guguwa ta rufe hanya da sama. Masu bincike na Reykjavík ba su da hanyar zuwa, sai 'yan sandan gari uku, da gawar da aka ajiye a ɗakin sanyin kamfanin kifi. A cikin labarin akwai 'yan mata biyu 'yan Najeriya, ya da ƙanwa, da mai safarar mutane ya shigo da su ta jirgin.

Zangon farko kashi 10 ne, kowanne wajen minti 50, jimla sama da awa 8. A matsakaicin hoto, wajen giga 0.7 a awa, lissafa giga 6. Da harshensu suke magana, don haka idonka na kan fassarar ƙasan allo. Ba shirin da za a kalla ana hira ba ne, kuma rabinsa duhu ne, a ƙaramar waya da rana ba za ka ga komai ba. Akwai tsiraici tun a mintunan farko, ba na falo da yara ba ne. Izinin nunawa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka tabbatar yana cikin manhajar kafin ka biya kuɗin wata. Zangon farko ya tsaya da ƙafarsa, na biyu da na uku ba su kamo shi ba.

| Zaɓi | Abin da za ka saya | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ragnar Jónasson | 6, amma 1 ya isa gwaji | Karatu ɗaya | Mafi sauƙi | Kaɗan. Rikicin jeri |
| Arnaldur Indriðason | Sama da 10; 4 sun wadatar | Mafi ƙarko | Mai sauƙi, a hankali | Dukan mata, fyaɗe, ƙwaya |
| Åsa Larsson | 6, a jere | Mai ƙarko sosai | Matsakaici zuwa nauyi | Jini, rikicin coci, kisan dabbobi |
| Olivier Truc | 1 a Turanci. Jeri a Faransanci | Matsakaici | Dogo, bayani da yawa | Lalata da yara |
| Trapped | Kuɗin wata da data | Kallo ɗaya ko biyu | Sai an bi fassara | Tsiraici, sassan gawa |

Kalma ɗaya kan takarda da waya. Ƙananan bugun nan da gam ake haɗa su, zafin Afrilu yana busar da gam ɗin shafuka su fara zubewa, gara kuma ba ta raina su. Littafin da za ka karanta sau ɗaya, saye shi a Kindle, Kobo ko Google Play Books ya fi, in kana da katin da ke biyan kuɗin waje. A kan yi musu ragi sosai lokaci-lokaci, musamman na farkon kowane jeri. Wanda za ka koma masa shi ya cancanci takarda. Fayilolin kyauta da ke yawo a intanet kuwa, ban da haƙƙin mai shi, sau da yawa babi ya ɓace a ciki, kuma a littafin bincike babin da ya ɓace yana iya zama shi ne amsar.

Wa ya dace da wanne

In ba ka taɓa karanta irin wannan ba, ko Turancinka na makaranta ne kana so ka ƙarfafa shi, ko za ka saya wa ƙaninka, ɗauki Snowblind shi kaɗai. In ka gama ka ji yana maka sanyi-sanyi, kada ka sayi sauran biyar ɗin, wuce zuwa Arnaldur.

In kuɗin littafi ɗaya tak gare ka kuma kana son wanda zai zauna a kanta shekaru, Silence of the Grave, matuƙar za ka iya jure abin da ke cikinsa. In ba za ka iya ba, Hypothermia ya fi shi taushi nesa ba kusa ba, kuma ana iya fahimtarsa ba tare da na baya ba.

Lauya, ɗan sanda, ko duk mai son ganin yadda fayil ke tafiya tsakanin ofishin bincike da na mai gabatar da ƙara, Åsa Larsson ce tasa, daga na farko. Haka mace mai neman labarin da mata ne ke riƙe da aikin ba rakiya suka zo ba. Wanda jini ke hana shi barci ya bar ta.

Mai karatu da Faransanci a Zinder, Yamai, Marwa ko Njamena, da duk wanda rikicin kiwo, filaye da kamfanonin haƙar ma'adinai ya dame shi, ya fara da Le Dernier Lapon, ya yi haƙuri da shafuka ɗari na farko, sannan ya bi shi da Stöld don ya ji ta bakin masu garken.

Wanda kuwa ya san ba zai gama littafi ba, ya sauke zangon farko na Trapped inda data ke da araha, ya kalla da dare bayan yara sun kwanta, kashi biyu-biyu.